Ludayin Malam Harshe

Malam Harshe ya tsoma ludayi a garwa ta bakwai, ya kai baki ke nan sai ya hango jami'ar lafiya ta shigo rumfar tara madara da takarda a hannu.

Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan aiki. Yakan kurɓa, ya juya a baki, ya faɗi wadda ta kwana da wadda aka ƙara wa ruwa. Abin da ya rage a ludayi kuwa cikin garwar yake mayarwa, don a rayuwarsa bai taɓa zubar da madara a ƙasa ba, kuma yana alfahari da hakan. Na'urar gwajin da hukuma ta aiko bara tana can lungu, ko kwalinta ba a buɗe ba. Masu saye sun ce su ɗanya suke so, wadda ta ga wuta ba ta da rai, harshen Malam ya ishe su shaida.

Yanzu yara tara na kwance a asibiti da taifot, ɗaya ko uwarta ba ta ganewa, kuma madarar rumfar ake zargi. Unguwa kuwa, da ba ta rasa wanda za ta ɗora wa laifi, tuni ta nuna Iya mai shanu huɗu, wai garwarta ta tsufa ta lotse. Yau za a karɓe mata takardar izini, alhali da shanun nan take riƙe marayun ɗanta.

Jami'ar ta ja shi gefe. Ta ce an gwada garken Iya ba a ga komai ba, amma kwamitin unguwa ya matsa, kuma sa hannunsa kaɗai ya rage a matsayin shaida.

Ya karɓi biro. Tsoro ne ya kama shi, da kunya. Wata guda da ya wuce shi ma ya yi zazzaɓi da ciwon ciki, ya sha magani a ɓoye, bai yi fashi ko na kwana ɗaya ba, don kada a buɗe kwalin nan a ce masa ya je ya huta. Duk kwanakin yana kurɓa yana mayarwa.

Ya ajiye biron, ya ɗora ludayin a kan takardar.

“Ranki ya daɗe, ki fara gwada wannan. In kin gama, ki gwada ni.”

Iya tana bakin layi, ba ta ji me ya ce ba. Ta jawo garwarta da ƙyar har gabansa, ta buɗe murfin.

“Malam, don Allah ɗanɗana ka gaya musu. Kai dai ba za su ƙaryata ka ba.”

Ya dubi madarar, fara tas, har da kumfa. Ya mai da hannuwansa baya ya riƙe.