Gaisuwar Minti Goma

Shekara goma sha huɗu Sista ta yi tana jinya a ƙasar da ta baro. A nan kuwa ko allura ba za ta taɓa ba sai ta ci jarrabawar lasisi. Ta rubutu ta wuce lafiya. Ta aiki ce ta kayar da ita.

Minti goma ake ba mutum da kowane majinyaci. Nata wani dattijo ne da aka ɗauko ya yi kamar ba shi da lafiya. Ta ja kujera, ta tambayi jiki, ta tambayi iyali, har jikoki. Ƙararrawa ta kaɗa tana shirin ɗaura masa abin awon jini.

Dama ɗaya ta rage mata. In ta sake faɗuwa, sai baɗi, ta ci gaba da gyaran gado a gidan tsofaffi.

Sai falo ya koma asibiti. Inna, mahaifiyarta, ta miƙe a doguwar kujera, maigidan Sista ya riƙe agogo.

"Sannu, Inna. Miƙo hannu," in ji Sista.

"Ke! Sannu ɗaya kamar kin ga baƙuwar akuya? Haka na koya miki?"

"Inna, lokaci!"

"Minti biyu sun tafi," in ji maigida.

"Kai kuma alƙalin wasa, yi mana shiru." Inna ta tashi zaune. "Da kina goye a bayana, ina wanki ina gaisawa da maƙwabta. Kin taɓa jin wankin ya kwana? Da hannu kike gaisuwa?"

Sista ta fashe da dariya.

Ranar jarrabawa ta buɗe ƙofa, sai ga dattijon nan dai. Ya gane ta, ya gyara kwanciya, ya shirya hira.

"Baba, ya jiki?" Tana wanke hannu. "Ya iyali?" Ta duba sunansa a takardar da ke ɗaure a wuyan hannunsa. Ta nemi izini, ta ɗaura abin awo. "Jikan nan ya fara tafiya?" Kafin ya gama labarin jikan ta rubuta komai, ta sake wanke hannu. Sannan ƙararrawa ta kaɗa.

Bayan sati biyu saƙo ya shigo wayarta: ta ci.

Inna ta koma doguwar kujera, ta miƙa hannu.

"To, ma'aikaciya mai lasisi, zo ki auna ni da gaske. Amma fara gaishe ni tukuna."