Wayar 'Yar Fari

Malam Dabo Maiturare bai taɓa kiran sunan 'yarsa ta fari ba, kuma duk wanda ya san ya kamata ba zai ga laifinsa ba. Haka muka taso muka tarar. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Da aka yaye Raihana sai aka kai ta wurin kakarta a garin Babban Mutum. Can ta girma, can ta yi karatu, sai da tsohuwar ta rasu ta dawo gidan ubanta a Daura, tana koyarwa a wata Islamiyya. In Malam Dabo yana da magana da ita, matarsa Laraba yake gaya wa: "Ki faɗa wa yarinyar nan." Ita ma Laraba, da yake 'yar farinta ce, sai ta ɗaga murya ta faɗa wa bango, Raihana ta ji daga ɗaki.

Ran nan bayan la'asar yana zaune a majalisarsu, gindin darbejiyar da ke hanyar Kusugu, sai Jafaru mai tireda ya dube shi yana murmushi.

"Malam Dabo, ashe marubuciya gare ka a gida ba ka faɗa ba? Tuwon gidana ya sha ƙonewa saboda littafin 'yarka."

"Wane littafi?"

"Na waya. Ba a buga shi a takarda, babi-babi take turowa, mata na karantawa. Na soyayya ne. Wai wasu mutane ne a cikin jirgi tsakanin taurari, wannan na jin abin da ke zuciyar mutum, wancan na ɗaga ƙarfe da ido. Har matan tambayar juna suke yi wace baiwa kowa ta fi so. Tawa ta ce ita jin zuciya take so, don ta san inda nake tsayawa ranar kasuwa."

Aka yi dariya. Amma wani dattijo da ke jan carbi a gefe bai yi ba. Ya ce, "Sanin zuciya ai na Allah ne. In wannan ba bokanci ba ne, mene ne? Ga kuma zancen soyayya a bakin 'ya mace, duniya na ji. Allah ya shirya mana zuri'a."

Aka ce amin, ba wanda ya kalli Malam Dabo. Rashin kallon nan ya fi masa ciwo. Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya sa takalmansa ya tafi, ko sallama bai yi ba.

A tsakar gida ya tsaya. Ya ce wa Laraba, "Ki faɗa wa yarinyar nan ta miƙo wayarta." Hannu ya fito ta bayan labule, ya ajiye wayar a bakin ƙofa. Ya ɗauka da yatsu biyu kamar mai ɗaukar mataccen ɓera. "Ki faɗa mata zan sa a karanta mini. Wallahi in na sami batsa ko bokanci a ciki, a turmin nan zan daka ta, kuma rubutu ya ƙare a gidan nan."

Magana zarar bunu ce. Sai da maganar ta fita ya tuna shi ajami kawai ya iya, bai san ko baƙi ɗaya na boko ba. Kuma wa zai kai wa? Duk wanda ya karanta masa ya ga tsiraicin gidansa. Ya rasa wanda zai tunkara sai Kalilu, ɗan goggonsa, tsohon malamin firamare. Taubashinsa ne, tun suna yara ba sa raga wa juna, amma bakinsa ba ya yoyo a waje.

Washegari da hantsi ya same shi a zaure. Kalilu ya ji bayani, ya sa tabarau, ya ce, "Yau bawana ya zo makaranta da furfura. Zauna a ƙasa, ɗalibi ba ya zama a kujera."

"Kalilu, ba wasa ya kawo ni ba."

"Ai na gani. Labarin zuciya a tambayi fuska, taka kuwa kamar an aiko maka da sammaci."

Ya fara karatu. Labarin wani zamani ne mai zuwa, ƙasa ta bushe, aka ƙera wani jirgi mai girman gari, mutane suka shiga suna neman wata duniyar a cikin taurari. Yaran da aka haifa a hanya sai kowa ya zo da tasa baiwar. Wata yarinya, Zaituna, tana jin abin da mutum ke faɗa a ransa in ta kasa kunne. Wani saurayi, Saminu, mai gyaran injin jirgin, yana juya ƙarfe da kallo.

Malam Dabo ya ɗaga hannu. "Tsaya. Ga bokancin nan."

"Saurara dai." Kalilu ya karanta inda wata mata ta roƙi Zaituna ta gaya mata ko ɗanta mara lafiya zai tashi. Zaituna ta ce mata ita abin da ake faɗa a rai yanzu kawai take ji, kamar yadda kunne ke jin ganga daga nesa. Gobe kuwa ta Allah ce. Kalilu ya leƙo ta saman tabarau. "Bokan da ya ce bai san gobe ba, ai yunwa za ta kashe shi."

Suka zo wurin soyayyar. Saminu ba ya iya magana a gabanta. Sai ya zo ya ce famfon ɗakinsu ne ya zo dubawa, famfo kuwa lafiyarsa lau, ita kuma tana jin zuciyarsa tana faɗin abin da bakinsa ya kasa. Kalilu ya ƙanƙance murya yana kwaikwayon mace. Gumi ya karyo wa Malam Dabo. Ya cire hula ya mayar, ya dubi ƙofa ko wani na wucewa. A ce 'yar cikinsa ce ta tsara waɗannan kalmomi, shi kuma yana zaune yana ji. Amma ya kasa kunne iya kasawa, bai ji inda ko hannu suka riƙe ba.

"To, ina batsar?" in ji Kalilu. "Kai da ka riƙa zuwa gidan su Laraba kana cewa turare ka kawo talla, gidan da ba mai saye?"

"Ci gaba, ko in tashi."

Kalilu ya ci gaba, amma can sai muryar wasan ta ɓace. Ya zo kan uban Zaituna. Tsoho ne mai sayar da turare a kasuwar jirgin, mai goge kowace kwalba da bakin rigarsa kafin ya miƙa wa mai saye. Malam Dabo ya dubi bakin rigarsa, inda mai ya yi tabo. Tsohon bai taɓa kiran sunan Zaituna ba. Akwai kuma wani baffanta mai barkwanci da ke kawo mata atamfa duk salla tun tana ƙarama, har takan ce a ranta da ma shi ne ubanta.

Kalilu ya sauke wayar. "Ka ji ni nan. Atamfar da kake saye ka ba ni in kai Babban Mutum, ka ce kada in kuskura in ce daga gare ka take. Na ci ladan da ba nawa ba har na shiga littafi."

Malam Dabo ya yi masa alama da hannu ya ci gaba.

Saura kaɗan. A babin ƙarshe da aka rubuta, Saminu ya tambayi Zaituna me ya sa ta saurari zuciyar kowa a jirgin amma ba ta taɓa saurarar ta ubanta ba. Ta ce masa kunya ce. Ya ce ba kunya ba ce kaɗai. Sai ta ce, "Tsoro nake ji. A baki na san al'ada ce ta hana shi. In na saurara na tarar a can ciki ma babu sunana fa?" Saminu ya ce ta gwada. Ta tafi ta tsaya a bayan rumfar tsohon, ta rufe ido.

"Sai me?" in ji Malam Dabo.

"Nan ta tsaya."

"Kamar yaya nan ta tsaya? Duba da kyau."

"Babu sauran komai, Dabo. Ga masu karatu nan a ƙasa suna ta roƙo tun kafin azumi ta ƙarasa. Ba ta ƙarasa ba." Ya miƙa masa wayar. "Ina jin ba ta san abin da za ta rubuta ba ne."

Jiya kunyar majalisa ce ta kore shi daga gindin darbejiya. Wannan ta yau ba ta da 'yan kallo, amma ta fi nauyi. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ga shi sai da aka karanta masa a zauren wani. Bai yi abin da iyayensa ba su yi ba. Sai dai shi a gaban ubansa ya girma, ya ga ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi tsohon ya kasa cin tuwo. Ita kuwa me ta gani? Atamfar Kalilu.

Ya isa gida rana ta take. Turmi na nan a tsakar gida, Laraba na tsaye kusa da shi tana kallon hannunsa. Ta buɗe baki don ta karɓi saƙo kamar kullum. Ya wuce ta. Ya je har bakin labulen, inda bai taɓa tsayawa ba, ya durƙusa da ƙyar ya ajiye wayar a inda ya ɗauke ta. Ya ji motsi a ciki.

Ya yi niyyar kiran sunan. Harshensa ya ɗauko shi har bakin haƙora, ya ƙi fita. Abin da aka shekara hamsin ana ginawa ba ya rushewa da hantsi ɗaya. Ya juya fuskarsa wajen bango, ya yi gyaran murya.

"Yarinyar can ta cikin jirgi," ya ce. "A gaya mata ta saurara. Za ta ji. Tun ranar suna sunanta yake ciki."

Laraba ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige madafa kamar ita aka kama. Can sai hannu ya fito ta ƙarƙashin labule, ya ja wayar ciki.

Malam Dabo ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. Har ya kai zaure ya tsaya, ya ɗaga murya yadda Laraba za ta ji.

"Ki faɗa mata kuma, yaron nan mai famfo ya daina zarya. In da gaske yake ya turo manyansa."