Aron Ƙuri'a

Gorar farko kan kwalaben humra ta sauka. Kafin Yakaka mai humrar ta miƙe, ƙarti sun cika rumfar suna fatali da kaya, suna kirarin Alhaji Sammani, ɗan kwangilar da ke neman kujerar unguwa a majalisar gari. Laifin rumfar bai wuce wani ya manna hoton abokin takararsa a jikin langa-langarta ba. Philomena mai atamfa, wadda suke zaman rumfa ɗaya da ita a kasuwar Sabon Gari, ta tare ƙofa da jikinta. Wani mai jajayen idanu ya sauke mata gora a baki. Haƙora biyu suka faɗo kan atamfar da ta rungume.

'Yan doka sun zo, ba a ce ba su zo ba. Da suka tambayi wanda ya ga abin da ya faru, sai kasuwa kaf ta makance. Yakaka ta yagi gefen mayafinta tana tare wa ƙawarta jini, zuciyarta na tafasa.

* * *

A gida Fagge ta tarar da ɗanta Dabo, mai gyaran keke, yana wanke baƙin mai daga hannunsa. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya yi tsaki, ya ce ai dama haka 'yan siyasa suke, duk kanwar ja ce.

Yakaka ta san inda maganar ta samo asali. Shekarun baya, ranar da siyasa ta haɗa Fagge da Sabon Gari da adduna, mahaifin Dabo ya fita nemanta a kasuwa, sai a makara aka dawo da shi. Ita kuwa Philomena ce ta ɓoye ta a bayan dilolin atamfa har ƙura ta lafa. Tun daga nan Dabo ya rantse babu shi babu jam'iyya. Ya yi rajistar zaɓe don mai unguwa ya matsa, amma ko tuta aka kafa kusa da shagonsa, sai ya juya benci ya ba ta baya.

Ba ta yi masa musu ba. Ta yarda Malam Gidiyon, ɗaya ɗan takarar, maƙaryaci ne, famfon da ya yi alkawari tun bara har yau a bakinsa yake zuba. Amma mai ƙarya dabam, mai fasa bakin mata dabam. Kuma ga takaici, a wancan zamanin doka ba ta ba mace ƙuri'a a nan Arewa ba, ita da Philomena nasu ido ne.

"To, ba ni aro," in ji ta.

"Aron me, Inna?"

"Ƙuri'arka. Turmi ma ana ara a unguwar nan, balle abin da ka ajiye ba ka amfani da shi. Ka je ka jefa da sunana da na Philomena. In zunubi ne, a wuyana."

Dabo ya sunkuyar da kai, don bai saba yi mata gardama ba. Can ya ce a hankali, "Inna, ki gafarce ni. Ba zan sa hannu a abin da ya kashe Baba ba."

Ta so ta ce rashin sa hannun ma sa hannu ne, amma kuka ya riga ta.

* * *

Ranar zaɓe maza suka yi layi a makarantar unguwa. Kowa ya miƙa kati, a ba shi takarda ya shiga bayan labule, a shafa masa tawada a yatsa. Dabo ya buɗe shagonsa kamar kullum. Irinsa da yawa a layin, tela da mai aski da mai shayi, kowa na cewa shi ba ruwansa.

Da hantsi Yakaka ta kawo masa kunu, sai ta hango ƙartin nan sun zagaye shagon. Mai jajayen idanun ya kama hannun Dabo ya duba yatsan, ya yi dariya.

"Fari tas. To, tunda ba ka so, kawo katin. Akwai mai so."

Dabo ya ce a'a. Sarƙar keken da ke rataye a shagonsa suka zaro. Yakaka ta yar da kwanon ta faɗa tsakaninsu, aka hankaɗe ta cikin kwata. Daga cikin kwatar take jin ƙarar sarƙar a bayan ɗanta, har ya daina kare kansa. Suka zare katin daga aljihunsa, suka miƙa wa wani ɗan tsamurmuri, aka ce masa daga yanzu sunansa Dabo. Sannan suka wuce shagon tela.

* * *

Kashegari kalangun murnar cin zaɓe ya tashi daga ƙofar gidan Alhaji Sammani. Philomena ta aiko cewa ta ɗaure kayanta, jirgin ƙasa za ta bi zuwa garinsu.

Yakaka ta ɗora ruwan zafi, ta zauna gefen tabarmar da Dabo ke kwance rub da ciki. Bai iya kallonta ba.

"Inna, wa suka jefa wa tawa?"

Kiɗan ya ishe shi amsa. Ta kama hannunsa na dama ta goge busasshen jinin a hankali, yatsa bayan yatsa. Da ta zo kan babban, ta tsaya tana kallonsa. Babu ko ɗigon tawada.