Balkissa ta Tarabulus

Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin ya rage ni da komai ba. Amma hirar mutanen nan na cikin kwamfuta na san ta kamar da ni ake yi, domin Balkissa ba ta iya riƙe labari a ciki. Da ciniki ya lafa sai ta ɗauraye hannu, ta yafa mayafi, ta nufi sibar, shagon nan da ake biya a zauna gaban na'ura. In ta dawo ta zazzage mini duk abin da aka faɗa, ni kuwa ina tuƙin tuwon yamma ina saurare.

Sunana Koubra. Tuwo muke sayarwa ni da ita a unguwar Jadid ta garin Sabha, bakin inda leburori ke tsayuwa jiran motar da za ta kwashe su aiki. Kwana kuma a unguwar Sukra, cikin wani gida da mai shi ya fara ginawa ya gaji ya bari. A shekarun nan duk bangon da ka duba a Sabha taswirar Afirka ce an shafe ta da kore, rediyo kuma na ta faɗin baƙar fata duk 'yan gida ne. Muka ji, muka ɗauro kaya muka zo. Ɗan sanda dai bai fasa tambayar takarda ba.

Rumfa suke kiran wurin hirar tasu. Ba a sa hoto, sai suna da gari. Akwai Zulkifli na Kano, mutumin da gidansa bai taɓa kwana lafiya ba: yau famfo na yoyo, gobe ƙofar bayi ta ɓalle, jibi gara ta ci silin. Akwai Mariam a Maradi, matar yayan Balkissa, mai hawan jini, wadda kullum take tambaya ko zoɓo ba sukari yana saukar da shi, alhali ba ta raba bakinta da soyayyen nama. Sai Djibo, Bazabarme daga Doso, mai aikin gini a nan Sabha. Shi ne likitan gidan Zulkifli. Shi ya ce masa ya yanko robar tayar keke ya naɗe bakin famfon tam, ya daina wahalar da matarsa da tara bokiti.

Balkissa Bagobira ce ta Tibiri, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa. Tun ranar farko Djibo ya sa mata suna baiwarsa. In ta koya wa Mariam yadda Larabawa ke dafa makaroni cikin miyar tumatir, sai ya ce Bagobira ba ta san komai ba sai daka gero, a bar ta da taɓarya. Ita kuma ta ce masa Bazabarme da ya ga zogale ya manta sunan uwarsa. Ta dawo gida tana dariya har da riƙe ciki.

Matsalar ɗaya ce. A Rumfa, Balkissa a Tarabulus take.

Da za ta bar Tibiri sai da ta bi gida gida tana sallama, tana cewa Tarabulus za ta, babban birnin ƙasar nan da ke can nesa bakin teku, aiki a gidan wani likita. Hanya ta cinye guzuri, ta maƙale a Sabha, na same ta tana kuka a tasha na ce ta zo ta riƙe mini ludayi. Ba ta iya faɗa wa gida ba. Ga shi Mariam na cikin Rumfa, duk abin da aka rubuta a can kafin magariba ya isa kunnen yayanta, kafin Juma'a ya zaga Tibiri. Sai ta gina wa kanta gidan likita a baki: bene, ruwan zafi a famfo, teku ana hango shi daga kicin.

Na sha faɗa mata. Na ce, "Ke 'yar nan, sayar da tuwo sata ce?"

Ta ce, "Inna, ba za ki gane ba."

Na gane mana. Rabin mutanen da ke cin tuwona a gida an san su a Italiya ne.

Lokacin sanyi bangon ɗakinmu ya tsage, iska na shigowa tana kashe mana risho. Balkissa ta je Rumfa ta ce bangon ɗakin ajiyar likita ne ya tsage, ya ake yi. Djibo ya zauna ya rubuta mata dalla-dalla: ta kankare bakin tsagar, ta jiƙa shi da ruwa sosai, ta kwaɓa siminti da yashi mai laushi kada ya yi ruwa-ruwa, ta cusa da bayan cokali, ta riƙa yayyafa masa ruwa har ya kama. Ya ƙara da cewa in Bagobira ta iya wannan zai 'yanta ta. Muka yi yadda ya ce, bango ya kama, muka yi barci da ɗumi. Mutumin da ya gyara mana ɗaki yana can bayan masu buga bulo a Jadid, kamar yadda ya faɗa a Rumfa, tafiyar da ko tsohuwa irina za ta yi da ƙafa.

Da zafi ya shigo sai Djibo ya fara maganar ciki. Da farko cikin wasa, wai burodi da kifin gwangwani sun yi masa tawaye. Zulkifli ya ce ya jiƙa kanwa ya sha. Mariam ta ce a'a, kanwa tana tayar da jini, ya nemi sabara. Aka kwana biyu ana gardamar kanwa da sabara, mai ciwo na gefe. Balkissa ta ce ya je asibiti. Ya ce ba shi da takardar zama, tsoron fita babban titi yake.

Daga nan wasan ya ragu. Wata rana Balkissa ta dawo ba dariya, ta zauna bakin murhu tana tsinkar zaren mayafinta. Na ce lafiya. Ta ce Djibo ya rubuta cewa komai ya ci sai ya dawo, kuma ba abin da ransa ke so irin kunun tsamiya na gero, mai ɗumi, irin na gida. Ya ce mazan ɗakinsu sun gwada dama masa ya fito kamar ruwan wanki.

Na dubi buhun geron da direbobin Agadas suka kawo mana, yana jingine a lungu. Ita ma shi take kallo.

Na ce, "To, tashi ki jiƙa."

Ta ce, "Na rubuta masa yadda ake yi, Inna. Na faɗa masa komai, har yadda ake tace tsamiya."

"Kin rubuta masa. Takarda zai sha?"

Na ce bari ni in kai masa kunun, ai tsohuwa ba ta da Tarabulus da za ta rasa. Ta kama hannuna ta ce in rufa mata asiri, in na je zai tambayi wa ya aiko ni, kuma a Rumfa kaɗai ya yi maganar kunu. Raina ya ɓaci. A garinmu baƙo ba ya kwanta ciwo maƙwabta su ji su zauna, balle abokin wasa, wanda ko gawarka yana da ikon tarewa a hanya. Amma na biye mata, kuma ban ji daɗin kaina ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Mariam. Ta rubuta, "Balkissa, ke da kika bi ta Sabha, ba ki san wata mace a can da za ta dama masa ba?" Balkissa ta amsa cewa kwana ɗaya ta yi a garin, ko sunan unguwa ba ta riƙe ba. Da bakinta ta faɗa mini, idonta a ƙasa. Ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Sai Djibo ya daina zuwa Rumfa. Zulkifli ya yi ta kira, wai silin ya sake zubowa, ina injiniya. Ba amsa. Balkissa kullum sai ta je sibar, ta dawo fuska a yamutse. Tana zuba wa leburori miya tana leƙen fuskokinsu, alhali ko a hanya suka haɗu da shi ba ta san shi ba.

Ran wata Alhamis ta dawo da sauri, mayafi a hannu. Wani Tahirou, abokin ɗakin Djibo, ya shiga da sunansa ya rubuta cewa jiki ya yi nauyi, Djibo ya ce a gaida mutanen Rumfa, a yafe masa wasan da ya yi wa kowa. Ta ɗebi gero ta surfa, ta wanke, ta hau daka da ƙaramin turminmu kamar da shi take faɗa. Na jiƙa tsamiya. Da hantsi washegari kunu na cikin filas, muka kama hanya, ranar ba mu ɗora tukunyar tuwo ba.

Ɗakin na bayan masu bulo, rufin kwano, zafi kamar gidan burodi. Maza huɗu ko biyar na zaune a kan katifu, suka tashi suka ba mu wuri. Djibo na kwance a lungu. Na zaci ƙato ne saboda bakinsa, ashe ɗan siriri ne, ciwo kuma ya ƙara tsotse shi har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Na ce mu masu tuwo ne na bakin titi, mun ji ba shi da lafiya muka zo dubiya. Tahirou ya tallabo shi. Balkissa ta zuba kunu a kofi, ta miƙa.

Ya kurɓa kaɗan, ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Ya sake kurɓa, sai ya kauda kai. Ya ce, "Allah ya saka, Inna. Na gida ne sak. Da a ce makon jiya ne da na shanye filas ɗin, yanzu cikin ba ya karɓa."

Tahirou ya ce gobe za su sa shi a motar Agadas, gara ya ƙarasa wurin danginsa.

Djibo ya yi ɗan murmushi ya ce da mazan, "Na ba ku labarin baiwata ta Tarabulus ko? Bagobira. Ita ta koya mana damun da kuka ɓata. Wallahi da tana garin nan da ban kwana ko ɗaya ba kunu ba. Nisa ne ya cuce ni."

Na ji kamar in nutse a ƙasa, ni da ba ni na yi ƙaryar ba. Balkissa ta durƙusa a gaban katifar, kofin na hannunta.

Ta ce, "Djibo, ni ce Balkissa."

Ya dube ta. Ya dubi hannunta da wuta ta ƙona, ya dubi silifas ɗinta da ƙurar Jadid ta rine, ya dubi zanenta mai tabon miyar kuka. Mai aikin gini ne, ba yaro ba, na ga lokacin da ya gane komai a idonsa. Na ce a raina shi ke nan, Bazabarme ya kama Bagobira da ƙarya a gaban mutane, yau sai ta gwammace ba a haife ta ba. Kuma hakkinsa ne, ba mai hana shi.

Sai ya juya wurin Tahirou ya ce, "Ku ba ta ruwa mai sanyi. Daga Tarabulus take, ta sha hanya."

Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Kin kyauta, ƙanwata. In kin koma ki gaida mutanen Rumfa. Ki ce wa Zulkifli ya canza katakon silin gaba ɗaya, faci ba zai yi masa ba."

Mazan suka hau yi mata sannu da hanya, suna sa mata albarka, wai irin wannan zumunci ya yi ƙaranci a duniya. Wani ya fita a guje ya sayo mata lemo mai sanyi. Ta karɓa ta riƙe, tana amsa sannu ɗaya bayan ɗaya, kanta a sunkuye. Ban taɓa ganin mutum ya sha kunya irin ta ranar ba, kuma ba wanda ya faɗa mata baƙar magana ko ɗaya.

Da muka fito ta yi gaba, ni ina biye da filas, kusan a cike yadda muka zo da shi. Sai da muka wuce masu bulo ta tsaya ta jingina da wani bango.

Ta ce, "Inna, da ma zagina ya yi."

Ban lallashe ta ba. Na ce ta gyara mayafinta, mutane na kallo.