Kwalayen Ƙwan Doña Amparo

A gafarce ni da karambanin ɗaukar alƙalami, wannan ne labarina na farko.

Maƙwabta sun ja wa su Nieves kunne: ko su rage ƙarar jita da ganguna a garejin babanta, ko a kira 'yan sanda. Ga shi ba su gama ɗaukar faifansu na farko ba. Nieves, mai gangar ƙungiyar makaɗan, ta zauna jugum a shagon maƙwabciyarsu Doña Amparo mai wainar ƙwai da dankali.

"Ke 'yar nan, kiɗanku kamar ana watso tukwane daga bene," in ji tsohuwar. "Kwashi waɗancan."

Kwalayen ƙwai ne jibge a lungu. Suka manne su a bangon garejin, ƙarar ta lafa, aka gama faifan. Ranar da ya fito, Nieves ta kai mata.

"Kaka, kin cece mu."

"Wa ya cece ku? Barcina na rana na ceta."

Amma da ta ga hoton kwalayenta a jikin faifan, sai ta bi tebura tana nuna wa masu shan kofi. Nieves ta ji ƙwalla na tahowa, ta sulale waje kafin kowa ya waiwayo.