Matar Malamin Gona Ta Yi Yaji

A shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji, kowa a ofishin gona na Kazaure ya sayi abin da zai sa a san ya samu. Wasu babur, wasu rediyo mai kaset. Akawun ofis ya sayi firji, duk da ba a kai wuta unguwarsu ba, ya riƙa ajiye takalmansa a ciki. Malam Zarami kuwa risho ya saya, da tukunya biyu, da ludayi. Bayan wata guda aka tura shi Gwiwa a matsayin malamin gona. Ya loda kayansa a bayan a-kori-kura, ya tafi yana murmushi.

Zarami shi kaɗai mahaifiyarsa Ya Kura ta haifa, kuma da ba ta samu 'ya mace ba sai ta yi amfani da abin da Allah ya ba ta. A gindin murhu ya tashi. Kafin ya iya rubuta sunansa ya san lokacin da ake sa daddawa a miya, yana kuma gane burabusko ya nuna daga ƙamshin tururinsa. Amma tun da ya girma bai taɓa samun ya dafa abu ya ci shi kaɗai ba. A gida ga idon dangi, a makaranta ga layin abinci, a Kazaure ga abokan ɗaki huɗu masu dogon baki da dogon hannu. Yanzu yana da shekara talatin da ɗaya, gwamnati ta ba shi gida mai ɗaki biyu da katanga, a garin da ba wanda ya san shi. Burinsa bai wuce ya rufe ƙofa, ya yi miyar yakuwa da busasshen kifi, ya zauna ya ci da zafinta ba.

Ranar farko, yana cikin zuba kananzir a risho, aka yi sallama. Wata tsohuwa ce da ake kira Adda, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da nasa. Asalinta 'yar Babura ce, aure ya kawo ta, mijin ya rasu, ta zauna. Da yake matan unguwar ba sa fita, ita ce ƙafarsu, ita ce kuma bakinsu. Tana ɗauke da kwano uku a kai, ɗaya a hannu.

"Sannu da zuwa, ɗan nan. Wannan na gidan Mai Unguwa Na'Allah ne. Wannan na gidan Maikasuwa. Wannan na liman. Wannan ban tuna ba, amma ka ci. Bari in je in kwaso sauran."

Sauran bakwai ne. Duk tuwon dawa da miyar kuka. Haka da safe, haka da yamma. Kuma ba a cin na gida ɗaya a bar na wani, domin Adda tana buɗe kowane kwano ta duba, ta kai rahoto. Cikin mako uku wandon Zarami ya daina rufuwa, risho kuwa yana ƙarƙashin gado.

Ya je ya samu Mai Unguwa a ƙofar gidansa, yana zaune da Maikasuwa, amininsa mai sayar da tireda. Ya durƙusa ya gaishe su.

"Ranka ya daɗe, na gode da ɗawainiya. Amma da an hutar da iyali. Ai ina ɗan taɓa girki."

Dattawan suka dubi juna. Can sai Mai Unguwa ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

"Malamin Gona akwai ban dariya! Maikasuwa, ka ji wai yana taɓa girki."

"Namiji da ludayi?" in ji Maikasuwa. "Ko soja sai an yi yaƙi."

Mai Unguwa ya share hawaye. "Ka bar faɗin haka ko da wasa, malam. Ranar da aka ji baƙon gwamnati ya ɗora tukunya a unguwata, mutanen Roni sai sun shekara suna ba da labarin a kasuwa."

Zarami ya yi dariya shi ma, tun da ba wani abin yi, ya koma gida ya tarar da kwano goma sha ɗaya suna jiransa.

Wata Alhamis ya dawo daga zagayen gonaki da wuri. Ya toshe kafar ƙofa da tsumma, ya jawo risho, ya yi miyar da ya daɗe yana mafarki. Ya zuba a kwano, ya wanke hannu, sai ga sallamar Adda ta zo karɓar kwanuka. To, ba a mayar da kwano haka nan. Kullum yakan sa goro ko ɗan sabulu a kowane. Ran nan goro ya ƙare a kan na goma, saura na gidan Mai Unguwa, wanda shi ne ba ya yiwuwa a mayar wayam. Adda tana ta buga ƙofa. Zarami ya duba hagu, ya duba dama, ya juye miyarsa a ciki ya rufe.

Washegari ya zo wucewa, Mai Unguwa ya tsayar da shi.

"Malamin Gona, ya iyali?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe," in ji Zarami, kamar yadda kowane mai hankali yake amsawa.

Mai Unguwa ya dubi Maikasuwa. "Ka ji ko?"

Ashe tun jiya an gama shari'ar. Miya irin wannan mace ce ta yi ta. Babu macen da ta iya ta a unguwar, wannan kuwa matan da kansu suka tabbatar, cikin ɓacin rai. Ke nan akwai mace a gidan Malamin Gona. Bai faɗa wa kowa ba, wannan kunya ce, kuma abin yabo. Ba wanda ya ga shigarta, wannan kulle ne na gaske.

"Ko tarinta ba a taɓa ji ba," in ji Maikasuwa. "'Yar gidan mutunci."

Aka aiki Adda ta je ta yi wa amarya sannu da zuwa. Ba ta jira an amsa sallama ba, ta tura ƙofa. Ta tarar da Zarami a tsugune, ɗaure da tawul, yana kaɗa miya. Ta dube shi, ta dubi tukunyar. Ta karɓi ludayin ta ɗanɗana, ta lumshe ido. Sannan ta zauna a kan buhun takin zamani ta miƙe ƙafafu.

"Sannu da aiki, amarya."

"Adda, ni ne fa."

"Na ga alama. Ɗan nan, kwano goma sha ɗaya nake ɗauka safe da yamma, da waɗannan ƙafafun. Ƙanena da ke sayar da hatsi a Babura ko jakinsa ba ya yi wa haka. Mai mata kuwa ba a kai masa tuwo. Ka gane, ko in sake?"

Zarami ya gane.

Adda ta fita ta kai rahoto. Sunan amaryar Saude, 'yar Babura ce, doguwa, ba ta da yawan magana, kuma ba ta son baƙi saboda kunya. Akwai ɗan gashin baki, amma duk wanda ya ɗanɗani miyarta ba zai kula ba.

Kwanukan tuwo suka tsaya cak. Zarami ya yi tsammanin ya tsira. Kashegari da azahar sai ga Adda da kwano guda, babu komai a ciki. Matar liman ce ke da ciki, tun jiya take kuka sai miyar Saude, kuma ba a hana mai ciki abin da ranta ya biya. Bayansa sai na mahaifin Maikasuwa, wanda ya daina cin abinci tun damina, amma ya ce zai gwada. Sai na baƙon da Mai Unguwa ya yi daga Roni, wanda ake so ya koma gida da labari. Kwano marar komai ba shi da nauyi, saboda haka Adda ba ta yi ƙorafi ba.

Kafin wata biyu ba a suna ko walima a unguwar sai an aiko wa Saude da gero da yakuwa. Zarami yakan dawo daga koya wa manoma tazarar shukar gyaɗa, ya tuɓe rigar aiki, ya ɗaura tawul. In ya gama cika kwanuka, abin da ke saura masa ƙanzo ne da wankin tukunya. Ba dama ya sayi abinci a kasuwa, don mai mata irin Saude ya tsaya gun mai ƙosai cin fuska ne gare ta. Sai in ya yi nisa a daji yake fito da ƙuli-ƙuli daga aljihu ya ci a bayan kuka. Wandon ya koma yana zamewa. Mutane suka ce haka sabon aure yake.

Ita kuwa Saude harkokinta sai bunƙasa suke. Aka aiko mata da lalle. Aka sa wa jaririyar liman sunanta. Ta yi faɗa da matar Maikasuwa a kan murfin kwano, ta bakin Adda, suka kuma shirya ta bakin Adda. Zarami bai ji labarin faɗan ba sai da aka zo yi masa godiya a kan haƙurin da matarsa ta yi.

Ranar da ya yi girkin suna biyu a jere, ya tashi jiri ya ɗebe shi, ya wuce kai tsaye wurin Mai Unguwa.

"Ranka ya daɗe, ta tafi."

"Wa?"

Zarami ya sunkuyar da kai, don ba a ambatar sunan iyali a gaban manya.

"Yaji?" Mai Unguwa ya miƙe tsaye. "Me ka yi mata?"

Wannan tambaya Zarami bai shirya mata ba. Ya sosa ƙeya, wannan kuwa ya ishi kowa hujja.

"Na sani," in ji Maikasuwa. "'Yan bokon nan. Yarinya tana ta wahala, kai ko kitso ba ka taɓa kira mata ba."

Da yamma kwano goma sha ɗaya suka dawo, cike da tuwon dawa, kowane da saƙon jaje da ɗan zagi. Adda ta dire su ta juya, tana ɗingishi.

Aka yanke shawarar zuwa biko. Mai Unguwa da Maikasuwa za su tafi ran kasuwar Babura, mai laifi kuwa ya zauna a gida don kada ganinsa ya ɓata magana. Adda ta ce in sun je su tambayi Muhammadu Lawal mai hatsi, shi ne kawun yarinyar.

Zarami ya wuni yana jiran tonon asiri. Ya rubuta takardar neman canjin wurin aiki, ya yaga, ya sake rubutawa. Ya ɗaure risho a buhu. Bayan la'asar aka aiko kiransa. Ya tarar da dattawan biyu a zaune, fuska ba walwala, ƙurar hanya har gira.

"Mun ga kawunta," in ji Mai Unguwa.

"Kun... gan shi?"

"Ya wanke mu tas, a tsakiyar kasuwa, gaban mutanen Nijar. Ya ce shi mutum ɗaya ya ba wa 'yarsa, bai aurar da ita ga unguwa ba. Ya ce ta dawo masa a rame, hannu duk ya yi kanta saboda aiki."

Zarami ya ɓoye hannuwansa cikin riga. "Ita fa, kun gan ta?"

"Haba malam, matar mutum? Mun dai ji motsinta a bayan labule," in ji Maikasuwa. "Har ta yi ajiyar zuciya. Ni sai da na ji kunya."

Mai Unguwa ya gyara zama. "Ka yafe mu, laifin namu ne ba naka ba. Za ta dawo ran Alhamis, amma da sharaɗi. Kada kwano ya sake shiga gidan nan, cike ko wayam. Kada kowa ya leƙa. In tana girki kuma ka zauna a gida, ko ludayi ne ka riƙe mata. Na ce masa namiji da ludayi? Ya ce zamani ya canza, yanzu har man fetur ake haƙowa a ƙasar nan. To, mun ɗauka."

"Sai kwano ɗaya," in ji Maikasuwa. "Duk Juma'a, na Adda, tun da ita ce uwarta a nan. Ga wannan kuma, ya ce a ajiye mata kafin ta iso."

Ya miƙo kwalbar man shanu da ƙullin daddawa. Zarami ya karɓa da hannu biyu. Sai a lokacin ya tuna da ƙanen Adda mai hatsi da jakinsa: ashe shi ne kawun.

Ran Alhamis Saude ta dawo. Ba wanda ya ga shigarta, aka kuma yaba. Zarami ya kwance risho daga buhu, ya bar kafar ƙofa a buɗe, ƙamshi ya fita yadda ya ga dama. Ya turara burabusko, ya yi miyar yakuwa da busasshen kifi, ya zuba man shanun Kawu ba tsimi. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, ya yi bisimilla, ya kai loma. Zafinta ya ƙona masa harshe, bai damu ba.

"Saude!"

Muryar Adda ce daga bayan katanga. Zarami ya tsaya da loma a baki.

"Saude, ba kya ji ne?"

Ya dubi tururin da ke tashi daga kwanon, ya haɗiye.

"Na'am, Adda."

"Gobe Juma'a. A rage barkono."

"To, Adda."

A ƙofar gidan Mai Unguwa, inda iska ta kai maganar, Maikasuwa ya girgiza kai.

"Ikon Allah. Zaman lafiya ke nan. Har muryarsu ta zama ɗaya."

Zarami ya jawo tukunyar kusa, ya ƙara miya.