Gwangwanayen Shagon Baba

Shekara bakwai na yi ina kai wa Baba abincin rana a shago, kuma shi ne kaɗai aikin da na taɓa daɗewa a kai. Makaranta tun a aji biyu na sakandare na baro ta. Na yi wankin mota wata huɗu, na yi walda har ido ya fara yi mini zafi, na sayar da rigunan waya a bakin titi, duk na watsar. A gida Ƙafar-Yawo ake kirana. Amma da ƙarfe ɗaya ta yi, ko ina nake sai na dawo na karɓi kular abinci daga hannun Inna, mahaifiyata.

Kular shuɗiya ce, murfinta ya tsage an ɗaure shi da roba. Abin da ke ciki ba ya cika canzawa: wake, dafaffen ganye, kabeji da karas, wata rana da ɗan kifi, sai ayaba a leda. Inna ta fara wannan girki ne bayan rasuwar Baffa, yayan Baba, wanda ciwon hanji ya yi ajalinsa. Wata ma'aikaciyar jinya a layinmu ce ta ce mata ta rage wa Baba jan nama, ta yawaita masa wake da ganye. Inna ta riƙe maganar kamar wasiyya.

Baba gyaran fanka da dutsen guga yake yi. Shagonsa ɗan tsukuku ne, fukafukan fanka rataye a sama, ko miƙewa ka yi da sauri sai ɗaya ya gaishe ka a goshi. Ranar farko da ya buɗe kular, ya daɗe yana kallon ciki.

"Ƙafar-Yawo, uwar taka akuya ta ɗauka ta aura?"

Na fashe da dariya. Ya zaro kuɗi daga aljihu.

"Tsallaka kantin can. Naman gwangwani ɗaya, farin burodi, da lemon kwalba mai sanyi. Wannan kuma," ya turo mini kular, "kai ne mai jini a jika, taimaki tsoho."

"In Inna ta tambaya fa?"

"Ta tambayi kular. Ai ba ta da baki."

Haka muka ɗore. Shi ya yanka naman ya shimfiɗa a burodi, ni na zauna kan akwatin kayan aiki na share waken Inna. In ya gama sai ya goge gwangwanin da tsumma, ya zuba ƙusoshi ko noti a ciki, ya jera a kan kanta. Baba ba ya zubar da komai.

Gaskiyar magana, ba waken ne ya riƙe ni ba. Tun da na bar makaranta Baba ya daina yi mini doguwar magana, daga gaisuwa sai tsaki. Amma a rabin awan nan muna hira kamar abokai, har labarin ƙuruciyarsa yake ba ni. Sirrin nan shi ne kaɗai abin da muka haɗa ni da shi.

Da yamma Inna ta buɗe kular ta gan ta wayam, sai ta yi murmushi.

"Ka ga baban naka? Ƙorafi a baki kawai, amma ko ƙwayar wake ba ya bari."

Ni kuwa in ce, "Ai hannunki ne, Inna," in fice.

A shekara ta bakwai wandunan Baba suka fara yi masa yawa. Ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa, bayan wata guda ya ƙara wani. Yana daɗewa a banɗaki, ya fito yana gumi. Ashe ya kai wata biyar yana ganin jini, yana cewa basir ne. Sai da ya yanke jiki ya faɗi a bakin shago aka kai shi asibiti. Bayan gwaje-gwaje suka ce ciwon daji ne a babban hanji, za a yi masa aiki.

Ina tsaye a bakin gado ranar da wata likita ta zo da takarda tana tambayoyi. Mace ce mai tabarau, ba ta gaggawa. Ta tambayi taba, ta tambayi ko wani a dangi ya taɓa irin ciwon, aka gaya mata na Baffa. Sannan ta ce, "Abinci fa? Me ya saba ci?"

Inna ta gyara zama.

"Likita, shekara bakwai ba fashi, wake da ganye nake aika masa. Naman gwangwanin nan da dangoginsa ko ƙofar gidana ba sa shiga. Ga ɗan aiken nan, tambaye shi."

Likitar ta dubo ni. Baba ya ƙura wa fankar silin ido kamar an kawo masa gyara.

"Haka ne," na ce.

Ta rubuta. Na ji ƙarar biron a kan takardar har cikin haƙorana.

Aikin ya yi kyau, aka yanke wajen da ya kamu. Sai dai kafin a sallame shi Gwaggo ta iso, yayar Baba, wadda ba ta taɓa ganin laifin ƙaninta ba. A tsakar gida ta tarar da Inna tana tsince wake a faranti.

"Au, har yanzu ba ki daddara ba? Shekara bakwai kina ɗura wa ƙanena ganye kamar ɗan maraƙi, ga shi kin kankare masa hanji. Namiji da nama aka san shi!"

"Yaya, ma'aikaciyar jinya ce ta ce..."

"Ita ce mijinki? To ga sakamakon nan a kwance."

Inna ta miƙe. Ta ɗauki farantin ta shiga kicin. Ina zaune a kan dakali, ina danna wayar da ko caji babu.

Daga ranar Inna ta daina cin abincin kirki. Buhun waken ta kyautar wa maƙwabta. Da safe in na wuce ta ƙofar kicin sai in gan ta tsaye, tukunya na tafasa, ita tana kallon bango. Sau ɗaya na ji tana cewa a hankali, "Da hannuna."

Na je asibiti na sami Baba shi kaɗai.

"Baba, Inna ta ɗauka ita ce."

Ya rufe ido. "Za ta manta."

"Ba ta cin abinci."

"Kai, Ƙafar-Yawo. Da wane ido zan kalle ta? Maganar maza ce, ka bar ta a shago."

Na bar ta kwana uku. A rana ta huɗu Inna ta miƙo mini kular da ƙarfe ɗaya, likita ta ce Baba ya fara cin abu mai laushi. Na ji nauyinta ba irin na da ba. Na ɗaga murfin. Naman gwangwani ne, an dama shi da ɗan ruwa, irin wanda na shekara bakwai ina saya, har ƙamshin na gane.

"Gwaggonka ta ce shi zai mayar masa da ƙarfi," in ji Inna, ba ta dube ni ba. "Ni na daina sanin komai."

Na ajiye kular a ƙasa. Sai na ce, "Inna, ɗauko mayafinki. Akwai abin da zan nuna miki."

Ba ta taɓa shiga shagon ba, ko da yaushe cewa take wurin maza ne. Na buɗe kwaɗon, na ɗaga ƙofar. Haske ya faɗa kan kantocin. Daga ƙasa har rufi gwangwanaye ne a jere, na ƙasa sun yi tsatsa, na sama takardarsu da hoton saniya ko kodewa ba ta yi ba. Waɗanda ba su sami wuri ba suna cikin kwalaye a ƙarƙashin teburi.

Inna ta ɗauki ɗaya, ta karkata shi, ƙusoshi suka zubo a tafinta.

"Wa ya ci waɗannan?"

"Baba."

"Wa ya sayo?"

"Ni."

Ta mayar da ƙusoshin cikin gwangwanin. Wata mota ta wuce, fukafukan fankar suka ɗan kaɗa.

"Abincina fa?"

"Ni nake ci, Inna."

Na jira mari, har na so ya zo. Sai ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Shi ya sa kake ta ƙyalli, ba aiki ba sana'a. Ina ta cewa Allah ne ke kiwon yaron nan. Ashe ni ce."

Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da kuka. Ta zauna a kan akwatin da nake zama, ta rufe fuska da mayafi. Ban iya matsawa kusa da ita ba.

Da ta tashi ta sa gwangwani ɗaya a jakarta. "Mu je. Ƙaryar da ka sa aka rubuta, da bakinka za ka goge ta."

A ofishin likitar na faɗi komai, idona a kan takalmina. Ta soke layin da ta rubuta, ta rubuta wani.

"Cin irin wannan naman kullum yana ƙara haɗarin ciwon nan, wake da ganye kuma suna rage shi," in ji ta. "Amma akwai shekaru, akwai gado. Ba wanda zai rantse miki cewa abu ɗaya ne ya jawo. Abin da na tabbata shi ne girkinki bai yi masa illa ba. In hanjin ya warke, a hankali za a koma kansa." Ta juyo gare ni. "Kai kuma, uba da baffa duk sun yi ciwon nan. Za ka fara zuwa gwaji tun kafin sa'o'inka su fara."

Muka shiga ɗakin Baba, Gwaggo na zaune tana yi masa fifita. Inna ta ciro gwangwanin ta ajiye a kan durowar gefen gado, kusa da magungunansa. Baba ya kalle shi, ya kalle ni, ya ja bargo har haɓa.

"Mene ne wannan kuma?" in ji Gwaggo.

"Tambayi ƙaninki, Yaya. Shi yana da baki."

Yanzu wata biyar ke nan, Baba ya koma shago rabin yini, yana zuwa asibiti karɓar magani. Tsakanina da shi mun koma gaisuwa. Da ƙarfe ɗaya ta yi ƙafata takan kawo ni gida da kanta, in tsaya a bakin kicin. Inna ta ɗaure murfin kular da robar nan, ta yafa mayafi, ta ce, "Matsa mini," ta wuce ni da ita a hannu.